Kiɗan Gwajin da Ya Raba Ladan da Masallacinsa

A shekarar da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da takwas, ina da mata da 'ya ɗaya, ina kuma da ɗan shago a Ƙanƙara inda nake gyaran rediyo da amfilifaya da lasifika. Mutane suna ce mini Injiniya, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi kamar wanda ya yi jami'a, alhali sakandare ma da ƙyar na ƙarasa. Amma gaskiya hannuna yana da kyau. Masu kiɗan biki, masu tallan magani a mota, masallatai, duk wurina suke kawo kayansu, har daga Faskari da Yankara. Wannan ya sa kaina ya kumbura. In mutum ya fara yi mini bayanin abin da ke damun na'urarsa, kafin ya kai ƙarshe na katse shi, domin a ganina na riga na sani. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma abin da na jawo musu ya isa haka.

Wata rana wani mai kiɗan biki ya kawo mini amfilifaya 'yar Kwatano in duba masa, sai na tarar da ƙaramin filashi, irin wanda ake zuba waƙoƙi a ciki, maƙale a jikinta, da alama mai ita na farko a can ƙasar Turawa ne ya manta da shi. Na jona sifika na kunna. Na yi ta jiran mawaƙi ya shigo, shiru. Babu murya, babu kalma ko ɗaya, sai bugu guda mai nauyi yana ta maimaita kansa, dum, dum, dum, wasu ƙananan sautuka suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna hawa kansa. Maƙwabcina mai faci ya leƙo ya tambaya ko janareta na saya. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, injin niƙa yake da shi, a gindin injin nan na girma, kuma tun ina ƙarami nakan zauna in saurari yadda bugunsa yake canzawa in an zuba masara da in an zuba dawa. Ban taɓa gaya wa kowa ina jin daɗin haka ba, don kada a ce na samu taɓin hankali. Sai ga shi wasu mutane a wata duniya sun zauna sun mai da irin wannan bugun kiɗa. Daga baya na bincika a waya na gano sunansa tekno.

Daga tekno na faɗa wani da ake kira dram an bes, shi ne kuwa ya kama ni sosai. Gangunansa gudu suke kamar makaɗan kalangu biyar suna rige-rige, amma a ƙarƙashinsu akwai wani ƙugi mai kauri da ke tafiya a hankali abinsa, ba a kunne kake jinsa ba, a ƙirji. Daɗin abin shi ne ka raba hankalinka biyu, rabi ya bi masu gudu, rabi ya bi mai tafiya. Akwai inda za a janye komai a bar ka a rataye, ka riƙe numfashi, sannan a sako su gaba ɗaya. A garin da kullum zancen shi ne wa aka ɗauka, wa aka sako, wace hanya ce ba ta biyuwa, wannan kiɗan ne kaɗai yake sa in manta na ɗan lokaci. Abokaina sun yi mini dariya har sun gaji, wai kiɗan aljanu nake ji. Matata kuwa cewa take in dai wannan ne kiɗa, to ita ma in tana daka sai in riƙa yi mata liƙi. Ban damu ba. Har alfahari nake, wai ni kaɗai ne a Ƙanƙara kunnena ya kai nan.

Da sannu kiɗan ya shiga cikin aikina. Duk mai gyara yana da abin da yake gwada sifika da shi, wasu su ɗauki makirufo su yi ta halo halo, wasu su sa karatu ko waƙar biki. Ni akwai wani dram an bes guda ɗaya da na riƙe, domin yana taɓa ko'ina. Yana farawa da jiniya siririya mai hawa sama, sai ganguna su ɓarke da sauri, tatatata, sannan ƙugin ya shigo. In takardar sifika ta tsage ko kwayil ɗin da ke cikinta yana gogawa, a minti ɗaya wannan kiɗan zai tona shi. Na gwada kaya da shi ba adadi, har na daina jin jiniyar a matsayin jiniya. Ga kuma iyafis da ba ya barin kunnena daga safe zuwa yamma, a ƙure. Matata ta sha gaya mini sai ta kira ni sau uku nake juyowa, ni kuwa in ce ita ce ba ta da murya.

Ana cikin damina, dawa ta fi tsayin mutum, wani Alhaji mai sayen hatsi da ke zuwa kasuwarmu duk mako ya zo shagona. Ya ce a ƙauyensu, can ƙasar Sabuwa, amfilifayar masallacin Juma'a sai shaƙewa take tana ɗaukewa, kuma ladan ya hana a ciro ta a kawo gari. Na tambayi dalili. Ya ce ai na'urar nan ba ta kiran salla kaɗai ba ce. Tun da ɓarayin daji suka taɓa shigar musu, garin ya yi shawara cewa duk ranar da aka ji lasifikar masallaci ta yi ƙara ba lokacin salla ba, to mata da yara su shige gona, maza su fito. Saboda haka ba za su yarda ta kwana a wani gari ba, sai dai mai gyara ya je. Matata ba ta so tafiyar ba, don hanyar ba ta da kyakkyawan suna. Ni kuwa na ji an ce ba mai iyawa sai ni, sai na ɗaure jakata a bayan mashin na kama hanya da sassafe, na bi ta Faskari.

Na isa da hantsi, maza duk suna gona. Ladan yana zaune a ƙofar masallaci yana jirana, dattijo ne siriri mai fara'a, ya haura sittin, an ce ya fi shekara talatin yana kiran salla a garin, tun ana hawa katanga a yi da baki. Ya tarbe ni kamar ɗan da ya haifa, yana ta sa mini albarka don na taso. Ya buɗe mini wani ɗan ɗaki a jikin masallacin inda amfilifayar take tare da batiran sola. Kafin in ajiye jaka ya riƙe hannuna ya ce don Allah ko tari kada ya fita ta lasifikar nan, mutanen garin ga zukatansu a tsaye suke. Ya fara yi mini bayanin yadda wayoyin suka tafi, sai halin nawa ya motsa, na ce Baba kada ya damu, wannan ai aikina ne, ido a rufe ma zan yi shi. Ya yi murmushi ya ce to Injiniya, bari ya je gida ya sa a dama mini fura.

Gyaran bai ɗau lokaci ba, dalma ce ta saki a wuri biyu. Da na gama sai na leƙa baya na ga waya mai kauri da ta haura rufi zuwa lasifikokin saman masallaci, na cire ta, na jona ƙaramar sifikar gwajina. Abin da ban duba ba shi ne akwai wata siririyar waya da ta fita ta ƙasa, aka binne ta har bakin gari, inda aka kafa wata lasifika a kan ƙarfe kusa da famfon da mata ke ɗiban ruwa, don waɗanda ke nesa da masallaci su riƙa ji. Ita ce ladan yake ƙoƙarin gaya mini. Na tura ƙofar ɗakin don kada sauti ya fita, na ce wa raina ai nan ɗakin ajiya ne, ba cikin masallaci ba. Ina da karatu a wayata, kuma da shi na sa, ko ya fita mutane za su tsaya su saurara. Amma hannuna ya riga ya saba. Na danna kiɗan gwajina, na murɗa ƙarar, jiniya ta hau, ganguna suka ɓarke. Sautin ya fito tas. Na lumshe ido ina gyaɗa kai, ina jin daɗin aikin hannuna. Ban san minti nawa na yi a haka ba, biyu ko uku. Da kunnuwana ƙalau suke, wataƙila da na jiyo ihun da ake yi a waje.

Sai aka banko ƙofa. Ladan ne, ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi, furar ta zube masa a riga. Ya fizge wayar batir, komai ya ɗauke. A cikin shirun nan ne na ji garin, mata suna salati, yara suna kuka, ƙafafu suna gudu ta ko'ina. Ya ce a bakin famfo jiniya da harbi aka ji, kowa ya watse. Ya dubi wayata da ke jone, ya dube ni, ya gane komai. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce ba yanzu ba. Ya ce maza suna tafe daga gona da abin da ke hannunsu, in suka iske baƙo da mashin a ɗakin ga ba wanda zai tsaya jin bayani, gawata za a yi wa tambaya. Shi da kansa ya tura kayana a jaka, ya nuna mini wata 'yar hanya ta bayan masallaci da ke ratsa gonaki, ya ce kada in tsaya sai Faskari. Abu ɗaya ya roƙe ni, in hankula sun kwanta in dawo da wani babba nawa mu yi wa gari bayani, shi zai riƙe su kafin nan. Na rantse zan dawo. Na hau mashin na kama hanyar, kuma duk wanda na wuce a hanya shi ma gudu yake, ba wanda ya kula da ni.

Na iso gida na ce wa matata aiki ya yi kyau. Kullum sai in ce gobe zan je wurin kawuna, wanda shi ne babbanmu tun rasuwar mahaifina, goben ta zo ban je ba. Ranar kasuwa Alhajin nan mai hatsi ya shigo shagona ya tura ƙyaure, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wata mata mai tsohon ciki tana bakin famfo ranar, ta ruga cikin dawa ta faɗi, ba a same ta ba sai bayan la'asar, cikin jini. Ita ta rayu, abin da ke cikin bai zo da rai ba, kuma shi ne na farko bayan shekara shida da aure. Sannan ya ce wasu tsofaffi sun ga baƙo ya shigo da mashin da jaka, ladan ya buɗe masa ɗaki, aka ji ƙara, baƙo ya ɓace. An tambayi ladan wane ne, daga ina, ya ce mai gyara ne kuma kuskure ne, amma suna ba zai faɗa ba sai mutumin ya zo da ƙafarsa. Alhaji ya ce shi ma bakinsa a rufe yake, don in ya ce shi ya kai ni, tare za a haɗa mu. Ya ce in yi wa Allah in je.

Ban je ba. Labarin jaririn nan, maimakon ya tura ni, sai ya ɗaure mini ƙafa. Mako na gaba Alhaji ya dawo da wanda ya fi muni. An kore shanu a wata ruga kusa da su kwana kaɗan bayan abin, sai magana ta juya, wai ƙarar nan alama ce aka yi wa ɓarayi, wai an gwada ne a ga ta ina mutane ke gudu, wai ladan infoma ne. Duk wanda ya san yankinmu ya san nauyin wannan kalmar. Matasan da ke tsaron garin suka ɗaure shi a jikin bishiyar ƙofar masallaci tun daga hantsi har la'asar, suna tambayarsa sunana. Bai faɗa ba. Liman ne ya yi ta roƙo aka kwance shi, amma aka karɓe makullin masallacin daga hannunsa, aka ba wani kiran salla. Mutane suka daina amsa gaisuwarsa, aka daina sayen ƙuli-ƙulin matarsa. Ni kuwa ina Ƙanƙara ina ƙera wa kaina dalilai. In ce ai ba da gangan na yi ba. In ce ai shi ya ce in gudu. In ce ina da 'ya ƙarama, in aka kashe ni wa zai riƙe ta. Duk ranar kasuwa sai in rufe shago da wuri don kada Alhaji ya same ni. Tsoro ne kawai, tsagwaronsa, kuma na san haka tun a lokacin.

Matata ce ta gano ni. Tun ranar da na dawo ban sake kunna kiɗan nan ba, iyafis ɗin ma na jefa a akwati, sai ita da ta daɗe tana mita shirun ya fi ba ta tsoro. Wata rana da yamma ina zaune a tsakar gida ta ajiye tsintsiya ta ce in gaya mata abin da na yi a Sabuwa, don mutumin da ta aura ba ya rabuwa da janaretansa haka kawai. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa mata duka. Na zaci za ta yi kuka ta ce in rufa mana asiri. Sai ta tambaye ni shekarun ladan. Na ce zai yi sa'an babanta. Ta ce ashe da babanta ne aka ɗaure a bishiya saboda ni, haka zan zauna ina cin tuwo ina neman ƙari. Na daka mata tsawa, na ce tana cikin gida ba ta san yadda duniya take ba. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara. Washegari da safe ta goya 'yarmu ta sa hijabi, ban tambaye ta ina za ta ba don ina fushi. Gidan kawuna ta je. Saboda haka ko komawar da na yi daga baya ba zan iya cewa ni na yi ta ba.

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya yi kwanaki yana aike ta hannun mutanen da ya sani, har aka shirya zama a cikin garin Sabuwa, a zauren wani dattijo. Mai garin ƙauyen ya zo, liman ya zo, da biyu daga cikin masu tsaro, da mijin matar nan. Ladan ba ya nan, an ce ya bar garin ya koma wurin 'yarsa da ke aure a Faskari. Alhaji mai hatsi ya yi ta maza ya ce shi ya kai ni. Na durƙusa na faɗi komai, har maganar da na katse wa ladan. Aka ce in sa abin a ji. Na rage ƙarar can ƙasa na ajiye wayar a kan tabarma. Jiniya ta hau, ganguna suka ɓarke, sai na ga ɗaya daga cikin masu tsaron ya zabura duk da yana ganin wayar a gabansa. Ranar ce na fara jin kiɗan nan da kunnen mutanenmu, kuma wallahi ba shi da maraba da harbi. Mai gari ya tambaya ina mawaƙin, mi ake cewa a ciki. Na ce ba a cewa komai. Mijin matar, wanda tun da aka zauna bai ɗaga kai ba, ya tambaye ni to don mi ake yin shi. Na ce don jin daɗi ne. Ya maimaita maganar a hankali, ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Har yau bai ce ya yafe ba, ni ma ban ga fuskar da zan je nema da ita ba.

An yarda kuskure ne. Liman ya ce ranar Juma'a zai wanke ladan a gaban kowa, a je a ba shi haƙuri ya dawo. Daga nan ni da kawu muka wuce Faskari. Mun same shi a ƙofar gidan surukinsa a kan buzu, ya rame, hannunsa na hagu ajiye a kan cinya, tun ɗaurin nan bai ƙara ɗaguwa sosai ba. Na faɗi a gabansa ina kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce ya yafe, kuskuren waya kowa na iya yin shi, shi ma da ya tsaya ya nuna mini da hannu maimakon ya tafi neman fura. Kawu ya gaya masa mutanen garin na nan tafe su mai da shi. Ya girgiza kai ya ce ya gama, bakinshi ba zai iya kiran mutanen da suka wuce shi a ɗaure suka shiga sallar azahar ba. Sai ya juyo gare ni ya tambaya yaushe labarin ɗaurin ya iske ni. Na so in yi ƙarya, amma kawu yana zaune. Na ce tun a makon. Sannan ya ce ranar da ya tura ni ta bayan masallaci, ya gaya wa matarshi ta yi haƙuri da duk abin da za a yi masu, kwana ukku ne, yaron ga ɗan mutunci ne, ya gani a idonshi, kwana ukku zai dawo. Ranar da na durƙusa a gabansa kwana arba'in da ɗaya ke nan. Daga nan ya sa aka kawo mana ruwa.

Ba zan ɗora wa kiɗan laifi ba. Waɗanda suka yi shi gwanaye ne, sun kuma yi shi ne don wuraren da jiniya abin rawa ce. In zan faɗi gaskiya wani lokaci ina kewarsa, na ma taɓa gwadawa sau ɗaya, ban iya wuce minti na farko ba. Amma ina roƙon matasa irina, masu kiɗan biki da ke cusa jiniya da ƙarar bindiga a tsakanin waƙa don a yi shewa, da masu yawo da sifika a bayan mashin, ku tuna inda kuke. Kunnen mutanenmu akwai ciwo a ciki, abin da yake nishaɗi a wurinka na iya sa wata ta ruga da ciki wata tara. Masu sana'a kuma, ku bar mai kaya ya gama maganarsa. Wanda ya fi duka, in ka yi ɓarna wani ya tsaya maka, ka koma tun bai gaji da tsayuwa ba. Kuskurena na minti uku kowa ya fahimce shi, shirun da na yi bayansa ne ni kaina na kasa yafe wa kaina.

Nakan je Faskari in gaishe da Baba ladan. Rannan ina can la'asar ta yi, ladanin unguwar ya fara kira a lasifika. Sai na ga leɓɓan Baba suna motsi, ba amsawa yake kamar kowa ba, rigan mai kiran yake shiga kowace kalma, kuma hannunsa mai lafiya ya tashi a hankali ya nufi kunne. Da ya lura ina kallonsa sai ya sauke hannun, ya ce in miƙo masa buta.